Littafin aikin ɗakin gem: gwajin tsofaffin katunan hoto

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Ƙanena zai buɗe ɗakin gem a shagon da ke jikin gidanmu, kwamfuta huɗu, kuma so yake a buɗe kafin yara su samu hutun Disamba. Injinan mun riga mun saya, tsofaffin kwamfutocin ofis ne na tokumbo, Dell OptiPlex 9020 masu dogon gida, kowacce da Core i5-4590 da memori 8GB. Abin da ya rage shi ne katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke ce wa girafik. Kuɗin da ya saura a hannunsa ba zai sayi sabon kati na zamani ko guda ɗaya ba, balle huɗu. Na ce masa kada ya saya da ka. Ya bar ni in tattaro tsofaffin ƙananan katunan da ake samu, in gwada su ɗaya bayan ɗaya a inji guda, wanda ya ci sai mu nemo irinsa.

Akwai katanga biyu da ba za mu iya tsallakewa ba. Akwatin wutar injin nan wat 290 ne, kuma ba shi da wayar nan mai baki shida da ake jona wa manyan katuna. Ramin PCIe kuwa, inda ake soka katin a cikin inji, iyakar abin da yake bayarwa wat 75. Duk katin da ya nemi fiye da haka ya fita daga layi tun kafin a fara. Ta biyu, idan aka ɗauke wuta inbata ce za ta riƙe shagon, don haka kowane wat kuɗi ne.

Wasannin gwaji uku ne: GTA V tsohon fitowa, PES 2021 saboda ƙwallo ce ke kawo yara, da Tomb Raider na 2013 saboda yana da gwajin kansa a ciki, ba ya canzawa. Ma'aunina mai sauƙi ne. GTA kada ya sauka ƙasa da hoto 30 a daƙiƙa. Ƙwallo kuwa sai 60, babu ragi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Kafin in sa kowane kati na fara da sashen hoton da ke cikin i5 ɗin kansa, wato HD 4600. Dole in san inda aka tashi kafin in ce wani ya yi gaba.

GTA V a 720p, komai a ƙasa, yana tafiya kamar mai ɗingishi. Da na buɗe injin sai na ga memorin sanda ɗaya ce mai 8GB. Na ciro ta, na sa sanda biyu masu 4GB kowacce, girman bai canza ba amma hoton ya saki jiki sosai. Dalili shi ne HD 4600 ba ta da memorin kanta, na injin take ara. Sanda ɗaya ta DDR3-1600 tana wuce da 12.8GB a daƙiƙa, biyu kuwa 25.6GB. Hanya ce aka faɗaɗa, ba a ƙara wa motar inji ba. Na rubuta lambar nan 25.6 a jikin bango da alli, domin zan riƙa waiwayarta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau na yini a Beirut Road, layin masu sayar da kayan kwamfuta. Katin da ya fi yawa a shaguna shi ne GT 710, sai GT 730, yawancinsu a kwali mai hoton mota ko soja, da rubutun 2GB ko 4GB da manyan baƙaƙe. Wani dattijo mai shago da muka saba ya yarda ya ba ni aron katuna uku na mako biyu, in na ga wanda ya yi mini in biya, sauran in mayar. Ya ce, “Malam, ni dai abin da mutane ke tambaya shi ne giga nawa ne. Ban taɓa jin wanda ya tambayi irin memorin ba.” Wannan maganar ita ce aikin nan gaba ɗaya, ko da yake a lokacin ban gama gane haka ba.

Da daddare na sa GT 710. Katin ya fito a Janairun 2016, ƙirar Kepler ta kamfanin Nvidia, ƙananan injinan lissafi 192 a cikinsa, wat 19 kacal, ko fanka babu a wanda na samu. Memorinsa DDR3 ce a kan hanya mai faɗin bit 64, abin da take wucewa da shi 14.4GB a daƙiƙa. Na ɗaga kai na kalli allin bango. Katin da za a cire kuɗi a saya, hanyarsa ba ta kai ta abin da ke cikin injin kyauta ba.

Sakamakon bai ba ni mamaki ba. Tsakaninsa da HD 4600 mai sanda biyu kusan kunnen doki ne, nan wannan ya ɗan wuce, can wancan ya ɗan wuce. PES bai kusanci 60 ba. Katin yana da amfaninsa: wanda injinsa ba shi da HDMI, ko mai son jona allo biyu a ofis, zai ji daɗinsa. Ɗakin gem dai ba wurinsa ba ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba

GT 730 ya cinye mini kwana uku, kuma ya cancanta.

Biyu na karɓo. Ɗaya kwalinsa ya ce 4GB, 128-bit, ya fi tsada, ya fi girma a ido. Ɗayan ƙarami, 2GB, 64-bit. Ƙanena da ya gan su a kan tebur bai yi wata-wata ba ya ɗauki babban. “Yaya, ai wannan ko gwaji ba ya buƙata.”

Na buɗe GPU-Z, ƙaramar manhajar nan da ke faɗin abin da ke cikin kati ba abin da ke jikin kwali ba. Babban ya nuna GF108, injinan lissafi 96, DDR3. Ƙaramin ya nuna GK208, injinan lissafi 384, GDDR5, memorin da ta fi DDR3 sauri. Suna ɗaya, halitta daban. Tun da aka fitar da GT 730 a Yunin 2014 iri uku ne ke yawo da sunan nan: akwai na ƙirar Fermi mai injina 96, wanda asalinsa tun zamanin GT 430 na 2010 ne; akwai na Kepler mai 384 da DDR3, wanda hanyarsa 14.4GB ce irin ta GT 710. Sai na Kepler mai GDDR5 da ke kai 40GB a daƙiƙa. Kama da wane ba ta wane.

A Tomb Raider ƙaramin ya bar babban da nisa, ba tazarar da sai an ƙura ido ba. A GTA V a 720p mai GDDR5 ya haye 30 ya zauna, mai 4GB kuwa yana ta fama a ƙasa. Giga huɗun nan babu abin da suke yi masa, domin kafin wasa ya cika ko rabinsu injinan lissafi 96 sun riga sun gaji. Kamar a gina rumbu mai cin buhu ɗari ne a bar masa ƙofar da sai mudu ke shiga.

Sannan ga maganar direba, manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin. Na Fermi ya tsaya a lamba 391.35 tun 2018. Na Kepler ya tsaya a jerin 470, an daina sabunta shi don wasanni a 2021, gyaran tsaro ma ya ƙare a Satumban 2024. Wannan ya sa sai da na nemo direba daban-daban don katuna biyu masu suna ɗaya.

Ba na raina GT 730 mai GDDR5. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan Valorant shi suka rubuta a matsayin katin da zai ba da hoto 60. Sai dai ƙwallonmu bai zauna a 60 ba, musamman idan kyamara ta juya ta nuno 'yan kallo, don haka na ajiye shi a gefe a matsayin na ko-ta-kwana.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na soke sakamakon jiya duka. Na canza kati ban goge tsohon direba ba, lambobin suka fito a birkice. Daga yau doka ce: kowane canji sai na goge tsohon direba da manhajar DDU, in sake kunna inji, in bar katin ya yi minti goma yana aiki ya ɗumama, sannan in gwada sau uku. Haka kuma na daina kallon matsakaicin lamba kaɗai. Na kunna layin nan na MSI Afterburner mai nuna tsawon lokacin kowane hoto. A 60 kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 16.7, a 30 kuwa 33. Idan layin ya yi tsalle sama, a nan ne yaro zai ce “ya maƙe”, ko da matsakaicin ya yi kyau a takarda.

Asabar, 22 ga Nuwamba

GT 1030. Shi ne wanda na fi sa wa rai tun farko saboda wutarsa. Ya fito a Mayun 2017, ƙirar Pascal, injina 384, memori 2GB GDDR5, 48GB a daƙiƙa, wat 30. Wani abokina ya ara mini nasa. Na biyu kuwa daga wurin dattijon nan na karɓo, kuma da gangan na zaɓi wanda lambar jikinsa ke ɗauke da D4.

A 2018 aka fitar da wani GT 1030 mai memorin DDR4. Guntun lissafin iri ɗaya ne, injina 384, amma hanyar ta faɗo daga 48GB zuwa 16.8GB, wutar kuma wat 20. Na sake kallon bango. Goma sha shida da ɗigo takwas, ƙasa da 25.6.

Na jera su na gwada a rana ɗaya, allo ɗaya, saiti ɗaya. Mai GDDR5 ya riƙe GTA V a 1366×768 ba tare da ya sa ni fargaba ba, har a 1080p ya tsaya sama da 30 in an sauke saiti. PES a 720p yana taɓa 60, yana ɗan sauka idan an cunkushe a gaban raga. Mai DDR4 kuwa a wasu wuraren abin da ya bayar bai fi rabin na ɗan'uwansa ba, kuma da na ɗaga zuwa 1080p sai tazarar ta ƙara buɗewa. Hakan yana da dalili. Allon 720p ɗigo 921,600 ne, na 1080p kuwa 2,073,600, ninki biyu da kwata. Kowane ɗigo sai an kai an kawo bayanansa ta hanyar nan, ƙaramar hanya kuwa ita ke fara cushewa.

Abin da ya dame ni shi ne a ido ba za ka bambanta su ba. Fanka ɗaya, tsawo ɗaya, launin kwali ɗaya. Wanda ya tara kuɗinsa wata da watanni, ya kalli bidiyon gwajin GT 1030 a YouTube, ya je ya sayo mai D4, zai koma gida yana zargin kwamfutarsa ko kansa. Na mayar wa dattijon nasa na nuna masa inda ake dubawa. Ya ɗauko biro ya rubuta D4 da D5 a bayan littafin cinikinsa.

Wani abu kuma na gefe: GT 1030 ba shi da NVENC, sashen da ke naɗar bidiyo ba tare da ɗora wa i5 nauyi ba. Yaran yanzu suna son naɗar ƙwallon da suka ci su tura wa abokai, don haka na rubuta wannan a gefen rashi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ƙanena ya shigo da murna, wani ya kawo masa GTX 1050 Ti har shago a kan kuɗin da bai kai na GT 1030 ba. Alhamdu lillahi bai biya ba, ya ce sai na gani.

Tun kafin in sa shi a inji na ga ramin VGA mai shuɗi a bayansa, gabana ya faɗi. Ƙirar Pascal ba ta fitar da siginar VGA da kanta, shi ya sa ganin ramin nan a jikin 1050 Ti alama ce ta a tsaya a duba. Windows ta karanta sunan daidai, GTX 1050 Ti, 4GB. GPU-Z kuwa ta rubuta FAKE a gaban sunan, ta nuna injina 192. Na gaskiyan, wanda ya fito a Oktoban 2016, 768 gare shi. Tsohon guntun Fermi ne irin na GTS 450 aka sauya wa suna a cikin BIOS ɗinsa. Na buɗe GTA V, ya fara tafiya, da memorin ta wuce abin da ke cikin katin na haƙiƙa sai allon ya cika da zane-zane wasan ya rufe.

Mai kawowar ya rantse shi ma haka ya saya ta intanet, kuma na yarda da shi, domin fuskarsa ta nuna. Mun rabu lafiya. Na tura masa GPU-Z a filasha.

Talata, 2 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai, ƙura ko'ina. GTX 750 Ti da na samo na hannu ne, ya sha aiki. Da na kunna shi fankar ta yi ƙara kamar injin markaɗe, zafin ya haura 80 cikin 'yan mintuna. Na kwance sukurori huɗun bayansa na ɗaga ƙarfen sanyaya. Ƙura ta dunƙule a tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga, man da ke kan guntun kuwa ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Afrilu. Na goge da sifirit da auduga har fuskar guntun ta yi ƙyalli ina ganin rubutun GM107 a kai, na ɗiga sabon mai kamar ƙwayar gero biyu, na busa ƙarfen da abin hura iska, na riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa a banza. Da na mayar, ƙarar ta kwanta, zafin ya sauko inda hankali zai kwanta.

Da tsohuwar zuma ake magani. Katin nan ya fito ne a Fabrairun 2014 a kan dala 149, shi da GTX 750 ne suka fara zuwa da ƙirar Maxwell. Injina 640, memori 2GB GDDR5 a kan bit 128, 86.4GB a daƙiƙa, wat 60, kuma yawancinsu ba sa neman ƙarin waya. Ya girmi GT 1030 da shekara uku, amma ya wuce shi a wasanni ukun duka. Abin da ya fi burge ni ba yawan lambar ba ne, layin Afterburner ne. Ya kwanta lub. PES a 1366×768 ya zauna a 60 tun daga busa har tashi, ko a bugun kusurwa bai girgiza ba. GTA V a 1080p da saiti na daidai yana zagaye 60, in an shiga ciyayi ya ɗan sauka ya dawo. Shi kuma yana da NVENC, kuma yana iya fitar da siginar VGA ta ramin DVI da ƙaramin adafta, abin da ya dace da tsofaffin allunanmu biyu da ba su da HDMI.

RX 550 na AMD na gwada shi a gurguje da yamma, domin mai shi yana jiran abinsa. Afrilun 2017, dala 79, injina 512, wat 50, bit 128. Ya faɗo tsakanin GT 1030 da 750 Ti, ya fi kusa da na farkon. Kati ne mai kyau, sai dai guda ɗaya tak na gani a zagayen da na yi, mu kuwa huɗu muke nema.

Asabar, 6 ga Disamba

Na kira yaran unguwa huɗu, waɗanda kullum suke gidan gem na bakin titi. Na kafa inji biyu, ɗaya da GT 1030 mai GDDR5, ɗaya da 750 Ti, na kashe lambobin da ke fitowa a kusurwar allo, ban gaya musu komai ba. Na ba su hannu na ce su buga ƙwallo, bayan kowane wasa su canza kujera.

A GTA babu wanda ya ce komai. A ƙwallo kuwa wasa na biyu bai ƙare ba ƙaraminsu ya ajiye hannun ya nuna injin GT 1030. “Baba, wannan in ka danna fasin sai ya yi kamar yana tunani.” Sauran suka ce haka ne. Abin da ya ji a yatsunsa shi ne tsallen nan da nake gani a layi, hoto ɗaya da ya kamata ya zo a milisakan 17 ya makara ya zo a 30. Gani ya kori ji, amma a nan hannu ne ya riga ido.

Da suka tafi muka zauna lissafin wuta ni da ƙanena, kuma a nan ne 750 Ti ya fara biyan harajinsa. Bambancinsa da GT 1030 wat 30 ne a takarda. Inji huɗu, wat 120. Idan aka yi awa shida babu wuta, wat-awa 720 ke nan. Batir ɗaya mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma mai son batirinsa ya daɗe ba ya shan fiye da rabi, wato 1,200. Ke nan zaɓen 750 Ti zai ci fiye da rabin abin da batir guda ke bayarwa a irin wannan ranar. Ba ƙaramin abu ba ne ga shagon da ribarsa daga awa-awa take fitowa. Abin da ya ɗan rage nauyin shi ne kulle wasa a 60. Idan aka hana katin gudun da allon ba zai iya nunawa ba, mitar da na jona a soket tana sauka a fili, fankar ma ta yi shiru.

Akwai kuma abin da dole in faɗa masa ko da ba zai ji daɗi ba. Waɗannan katunan duka sun zo ƙarshen hanyarsu. Nvidia ta daina fitar da direban sababbin wasanni na Maxwell da Pascal bayan Oktoban 2025, saura gyaran tsaro zuwa Oktoban 2028. Windows 10 ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, i5-4590 kuwa ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. GTA V sabon fitowa na Maris ɗin 2025 yana neman kati mai 4GB. FIFA 23 mafi ƙarancin abin da yake nema GTX 1050 Ti ne. Shi 750 Ti matakinsa a DirectX, tsarin da wasanni ke bi wajen amfani da kati a Windows, 11_0 ne, wasannin da suka dage sai 12_0 ba za su buɗe a kansa ba, alhali GT 1030 da RX 550 sun kai matakin, ko da ƙarfin tafiyar da wasan bai ishe su ba. Na ce masa ɗakin nan na wasannin da suka riga suka fito ne, kada ya yi wa kowa alƙawarin sabo. Ya yi shiru, can ya ce, “Yaya, yaran nan ƙwallo suke so da mota. Mu fara da shi.”

Laraba, 10 ga Disamba

Mun tsayar da magana. Inji biyu na gaba, waɗanda za a ware wa ƙwallo, 750 Ti za a sa musu, a haɗa su da allunan VGA. Biyun baya GT 1030 mai GDDR5, don GTA da tuƙin mota, su ne kuma za a bari a kunne idan batir ya yi ƙasa. Na biya dattijon kuɗin GT 730 mai GDDR5, zai zauna a durowa saboda ranar da wani ya mutu ana tsakar ciniki.

750 Ti na biyu ya iso jiya daga Legas. Kafin in biya sai da na sa mai sayarwa ya turo hoton GPU-Z da katin a jikin inji: GM107, 640, GDDR5, 128-bit. Da ya zo na sake dubawa, daidai ne. Sai dai wannan irin mai fanka biyu ne kuma yana da ramin waya mai baki shida a gefensa, abin da hoton bai nuna ba, ni ma ban tambaya ba. Bai tashi ba sai da waya. Ba zan ɗora wa akwatin wuta mai shekara goma adaftar da ke jan wuta daga wayar SATA ta faifan ajiya ba, don haka zan musanya shi da mai fanka ɗaya. Na ƙara layi a takardar tambayoyina: a turo hoton gefen katin da bayansa.

Gwajin da ya rage shi ne na zafi, kuma shi ba a hannuna yake ba. Duk lambobin da na ɗauka a sanyin hunturu na ɗauke su, ɗakin a buɗe, inji ɗaya kaɗai ke aiki. Watan Afrilu, da inji huɗu da yara takwas a ɗaki mai rufin kwano, magana ce daban. Na sayi fanka mai milimita 80 guda huɗu da yadin tace ƙura, gobe zan fara ɗaura su, sannan ranar Asabar in kunna injinan uku da suka kammala, in rufe ƙofa, in bar su awa huɗu a jere ina rubuta zafin kowanne duk rabin awa.